Tambaya da Amsa: Takarda Ɗaya Ta Isa Ta Yanke wa Yaro Hukuncin Shekara Shida?

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗo, wato jarrabawar fita sakandare. Mun zaɓi guda shida, mun rage tsawon wasu saboda ƙarancin fili. Malaman da ke kula da shafin ilimi ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata ta gama sakandare bana da kiredit bakwai, har da B3 a Lissafi da B2 a Bayoloji, amma Turanci D7 ya fito mata. Tun tana aji ɗaya ba ta taɓa wuce ta biyar a ajinsu ba. Yanzu an ce min ba jami'ar da za ta karɓe ta. Don Allah ina adalci, a ce wuni guda ya shafe wahalar shekara shida?
Wani mahaifi, Gwale, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yarinya albarka, kiredit bakwai ba wasa ba ne.

Bari mu fara raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai takardar da shugaban makaranta ke sa wa hannu cewa yaro ya zauna ya kammala, wadda ake kira testimoniyal. Wannan ko F9 ɗalibi ya jera daga sama har ƙasa za a ba shi. Sannan akwai satifiket ɗin hukumar jarrabawa: WAEC, da aka kafa a 1952, wadda Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya ke tarayya a kanta, NECO, da gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa a 1999, mai hedikwata a Minna, NABTEB ta 'yan fasaha da kasuwanci, da NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci. Babu ɗayarsu da ke rubuta wa yaro ya ci ko ya faɗi a dunƙule. Kowane darasi da matakinsa, daga A1 zuwa F9. Sharaɗin kiredit biyar har da Turanci da Lissafi na masu karɓa ne, wato manyan makarantu da masu ɗaukar aiki. To amma bambancin nan a takarda kawai yake. Tunda testimoniyal ba ta kai kowa jami'a, jarrabawar ce ta zama ainihin ƙofar fita.

Maganar wuni guda kuwa, da ɗan gyara. A tsarin WAEC kashi 30 na makin ɗan makaranta daga gwaje-gwajen cikin aji yake fitowa, waɗanda makaranta ke turawa, kashi 70 kuma daga zauren jarrabawa. Sai dai hukumar ba ta ɗaukar makin makaranta yadda ya zo, tana daidaita shi da abin da ɗaliban makarantar suka taɓuka a zaure. Zauren dai shi ne mai rinjaye.

Ga yadda Turancin yake. Takardu uku ne, jimlar makinsu 170. Akwai tambayoyin zaɓi 80 a awa ɗaya, maki 40. Akwai takardar rubutu ta awa biyu mai maki 100: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Sai ta furuci, tambaya 60 a minti 45, maki 30. Insha'in, wanda ake so ya kai kalma 450, ta fuska huɗu ake duba shi: abin da aka faɗa maki 10, tsari 10, iya sarrafa harshe 20, tsabtar rubutu 10. A wannan na ƙarshen rabin maki ake cirewa a kowane kuskuren nahawu ko harafi ko aya, ke nan kuskure 20 ya cinye shi tas, kuma yara da yawa kafin su kai ƙarshen shafin farko sun riga sun gama da shi. A taƙaitawa, wanda ya kwafo jimlar nassi yadda take ya yi asara, wanda ya ba da guntun zance maimakon cikakkiyar jimla kuma a rage masa. Takardar furuci ita ce abin mamaki: ana gwada yadda ake furta Turanci, amma da fensir, ba mai buɗe baki. Yaron da ya tashi da Hausa, wanda p da f ke shige masa juna, malaminsa ma haka, a nan yake zubar da maki.

A jadawalin da aka saba wallafawa, D7 daga 45 ne zuwa 49, C6 kuma daga 50 zuwa 54. Mai 49 da mai 50 ba wanda ya fi wani Turanci. Canjin mai dubawa, ko batun insha'in da ya fito, ko zazzaɓin da aka tashi da shi, ya isa ya musanya musu wuri. Duk inda aka ja layi sai an sami wanda ya tsaya a bakinsa. Abin da ke mayar da layin adalci ko zalunci shi ne ko wanda ya kuskure da kaɗan yana da hanyar sake gwadawa kusa, kuma da araha. Kusa kam akwai. NECO na biyo bayan WAEC a damina ɗaya, WAEC tana shirya ta 'yan waje, wato masu zanawa ba ta hannun makaranta ba, sau biyu a shekara, NECO ma tana da tata a ƙarshen shekara, kuma yawancin kwasa-kwasai suna karɓar zama biyu a haɗe. Arahar ce babu. Kuɗin rajista a dunƙule yake ko da darasi ɗaya kake nema, sai ɗan mai hali ya gwada sau uku a shekara, ɗan talaka sau ɗaya. A ganinmu rashin adalcin ya fi yawa a nan, ba a cikin tambayoyin ba.

Abin yi: in WAEC da NECO duka ta zana, a duba Turancin ɗayar, C6 ya isa a haɗa. In ba ta zana ba, a yi mata rajistar ta 'yan waje mafi kusa. A duba kundin JAMB kafin a zaɓi kwas, domin likitanci a jami'o'i da dama zama ɗaya suke so. A tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a sakamakon biyu da kuma NIN, harafi ɗaya ya sha bamban sai ya jawo zirga-zirgar watanni. Wajen shiri kuma, insha'i ɗaya kowane mako, a minti 50, wani malami ya duba da waɗancan fuskoki huɗu, ya ƙirga mata kurakurai ta gani da idonta. Rahotannin manyan masu duba takardu suna nan kyauta a shafin WAEC na intanet, darasi darasi, suna faɗin inda yara suka fi faɗuwa.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Muna zaune a Bronx, birnin New York. Ɗana ya zo Amurka da girmansa, a aji na 9 aka sa shi, yanzu yana aji na 11. Ya ci jarrabawar Regents ta Lissafi da ta kimiyya, ta Turanci ce ya samu 58. Na ji mata suna cewa an soke jarrabawar. Gaskiya ne? In an soke, me ya sa, su da suka fi mu kayan karatu?
Wata uwa, Bronx

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sa shi ya ajiye littafi saboda zancen an soke. Hukumar ilimin jihar New York ta bayyana a ƙarshen 2024 cewa za ta cire sharaɗin cin Regents, jarrabawar fita ta jihar, kafin a ba da difloma, wato takardar kammala sakandare, ta kuma sa shekarar karatu ta 2027 zuwa 2028 a matsayin lokacin. Ki je wurin mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu, ki nemi ya rubuta miki ƙa'idar da ta shafi shekarar da ɗanki zai gama.

A tsarin da aka saba, jarrabawa biyar ake bukata: Turanci, Lissafi ɗaya, kimiyya ɗaya, tarihi ɗaya, sai ta biyar da ake iya zaɓa ta hanyoyi daban-daban. Makin ci 65 ne, kuma ba kashi 65 cikin 100 na tambayoyin ake nufi ba, ma'auni ne da ake juya ɗanyen maki zuwa gare shi. Ana zanawa sau uku a shekara, Janairu da Yuni da Agusta. Akwai kuma ɗaukaka ƙara: wanda ya zana darasi sau biyu ya tsaya tsakanin 60 da 64 yana iya nema a karɓa masa, in ya ci darasin a aji kuma malami ya ba da shaida. Ga masu koyon Turanci da suka shigo ƙasar daga aji na 9 zuwa sama, an sauko musu da iyakar Turancin zuwa 55. Ke nan 58 ɗin ɗanki tana iya shiga, in ya cika sauran sharuɗɗan. Ki tambayi wannan da sunansa. Yana kuma da haƙƙin ƙarin lokaci, da tafinta a darussan da ba Turanci ba in ba a buga takardar da harshensa ba.

Dalilin sokewar kuwa dogon labari ne. Amurka ba ta da jarrabawar fita ta ƙasa baki ɗaya irin WAEC, kowace jiha da tsarinta. Daga shekarun 1970 jihohi suka fara gindaya jarrabawa saboda koken masu ɗaukar aiki cewa ana ba yara difloma ba su iya karatu ba, har ta kai wajen rabin jihohin ƙasar suna da ita a farkon shekarun 2010. Daga nan aka fara janyewa. Kalifoniya ta fara hana difloma da tata jarrabawar daga 'yan ajin 2006, ta dakatar da ita a 2015, ta ma waiwaya ta ba waɗanda jarrabawar kaɗai ta hana a baya diflomarsu, sannan ta soke ta gaba ɗaya a 2017. A Massachusetts, jihar da ake yi wa kallon ta fi kowa makarantu masu kyau, masu zaɓe ne da kansu suka cire sharaɗin a Nuwamban 2024, da kusan kashi 59 na ƙuri'u. Kaɗan ne suka rage, irin su Florida da Texas da Louisiana. Texas ɗin ma ta rage yawan jarrabawarta daga 15 zuwa 5 a 2013, bayan shekara biyu kuma ta ba da dama kwamitin malamai da iyaye ya yaye yaron da bai faɗi fiye da biyu ba.

Abin da ya karya wa jarrabawar gwiwa bincike ne. A 2011 kwamitin masana na hukumar binciken kimiyya ta ƙasar ya tattara nazarce-nazarcen da aka yi, ya ce irin waɗannan jarrabawa, yadda ake gudanar da su a Amurka, sun rage yawan masu samun difloma ba tare da sun ƙara ilimin ɗalibai ba. Nazarin da Sean Reardon na jami'ar Stanford ya jagoranta a kan Kalifoniya a 2009 ma haka ya nuna, ya kuma gano cewa a cikin ɗalibai masu rauni, 'yan mata da 'ya'yan tsirarun ƙabilu ne abin ya fi tarewa. Dalilin a fili yake. Yawancin jarrabawar nan ta mafi ƙarancin iyawa ce, ci ko faɗuwa kawai. Lissafin ta Kalifoniya bai wuce na ƙaramar sakandare da ɗan aljabara ba. Yaro mai ƙoƙari ya ci ta tun a aji na 10 ya manta, ba ta sa shi ƙara himma ba. Mai rauni kuma, wanda galibi ɗan baƙi ne mai koyon harshe ko mai larura, ita ce ta tsaya masa a wuya.

Amma kada a ɗauka an gama muhawara. Masu goyon bayan jarrabawar suna cewa in aka cire ta, diflomar unguwar masu kuɗi da ta unguwar talakawa za su zama takarda iri ɗaya mai ma'ana biyu, kuma ba wanda zai ƙara tilasta wa makaranta ta kula da yaron da ke can ƙarshen aji. Wannan magana tana da nauyi. Nazarin masana irin su John Bishop da Ludger Woessmann ya nuna cewa jarrabawar da hukumar waje ke shiryawa a kan manhajar da aka koyar, mai matakai daga sama zuwa ƙasa, tana tafiya tare da ingancin karatu a ƙasashe da dama. Irin wannan ta fi kama da WAEC. Wadda ake gudu a Amurka ita ce mai ƙofa ɗaya, ka shiga ko ka tsaya a waje.

TAMBAYA: Ni malamin Kemistiri ne a wata makarantar gwamnati ta karkara. Shekara biyu ba mu da malamin Fiziks, ɗakin gwaje-gwajenmu kuma kujeru ne kawai a ciki. Amma takarda ɗaya yaranmu za su zana da 'yan makarantun kuɗi na Abuja. Me zai hana a soke jarrabawar a bar wa malamai, mu da muka san yaran, mu ba su maki?
Wani malami, Jihar Jigawa

AMSA: Malam, rabin maganarka mun karɓa hannu biyu, rabin kuma ba mu karɓa ba.

Wadda muka karɓa, har kotu ta taɓa tabbatar da ita. A Florida, a shari'ar da ake kira Debra P. da Turlington, alƙali a 1979 ya dakatar da hana difloma saboda jarrabawa na tsawon shekara huɗu, domin yara baƙar fata da suka fi faɗuwa sun fara karatunsu ne a makarantun wariya, kuma ba a ba su isasshen lokacin shiri ba. A 1981 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sai jihar ta kawo hujjar cewa abin da ke cikin jarrabawar an koyar da shi a aji. Wannan ita ce ƙa'idar farko ta adalcin kowace jarrabawar fita: ba a tambayar yaro abin da ba a koya masa ba. Yaron da bai taɓa riƙe bututun awo ba sai ranar firaktikal, F9 ɗinsa ba tasa ba ce shi kaɗai, da rabon ma'aikatar da ba ta turo malami ba.

Amma maganin da ka kawo an gwada shi, an ga abin da ya haifar. A Ingila, lokacin korona, an soke jarrabawar ƙarshen sakandare a 2020 da 2021, makin malamai aka yi aiki da shi. Masu samun A zuwa sama sun tashi daga kusan kashi 25 a 2019 zuwa kusan kashi 44 a 2021, kuma makarantun kuɗi ne makinsu ya fi tashi. A ƙasar da ake sa ido ke nan. A nan gida ka fi mu sanin yadda ake cike takardar makin cikin aji a wasu makarantun: mako guda kafin a rufe turawa, malami ɗaya ya zauna ya jera wa kowa 25 zuwa 28 cikin 30. Ƙara da matsin mai makaranta, da na uban da ke da faɗa a ji, da abin da ake nema wurin 'yan mata a bakin maki. In kowane mai hatsi zai zo kasuwa da mudun da ya ƙera wa kansa, mai sayen da ba shi da kowa shi ne zai kwana da yunwa. Takardar da baƙo zai duba, wanda bai san ɗan wane ba ne, ita ce kaɗai wurin da ɗan ƙauyenku zai iya buge ɗan Maitama, unguwar masu kuɗi ta Abuja, a gani.

Tsaka-tsakin shi ne a haɗa biyun, a kuma tsare makin aji. Faransa, wadda ta fara jarrabawarta ta fita sakandare, wato bak, tun 1808, ta koma kashi 40 makin aji, kashi 60 jarrabawar ƙarshe daga 2021. Namu 30 da 70 ba laifi a takarda, aiwatarwar ce ta lalace.

Ga abin da ke hannunka kafin damina. Hukuma tana aiko wa makaranta jerin kayan firaktikal kafin ranar, a matsa wa shugaban makaranta ya saya da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. A nemi makaranta mafi kusa mai ɗakin gwaji a kai 'yan SS3 ko da Asabar uku ne, kowane yaro ya yi awon asid da hannunsa: karanta ma'auni zuwa lamba biyu bayan ɗigo, samun awo biyu da suka yi kusa da juna, rubuta ma'aunin kowace amsa. A Fiziks, zana giraf da zaɓen sikeli da fitar da gangara suna da maki mai yawa, kuma malamin Lissafi zai iya koyar da su da takardar giraf kaɗai. A Lissafi a hana yara rubuta amsa tsirara, domin hanya tana da makinta ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Sannan a rubuta wa ofishin shiyya batun malamin Fiziks, da sa hannun ƙungiyar iyaye da malamai, a ajiye kwafi.

TAMBAYA: Ni ɗan lise ne, wato babbar sakandare a Nijar, seri D ta 'yan kimiyya. Na yi bak bana, na kai zagaye na biyu amma ban samu ba, sai na sake shekara. Abokaina na Katsina sun ce su can darasin da ka faɗi kawai kake sakewa. Wane tsari ya fi adalci?
Wani ɗalibi, Maraɗi

AMSA: Sannu ɗana, Allah ya sa na gaba ya zo da sauƙi. Kowane tsarin da wanda yake kayarwa.

Bak matsakaicin maki take dubawa. Kowane darasi ana ninka makinsa da nauyinsa, a tara, a raba, mai 10 cikin 20 ya wuce. Wanda ya kusa kaiwa sai a tura shi zagaye na biyu. Alherin wannan shi ne darasi yana ɗaukar nauyin ɗan'uwansa: mai 7 a Faransanci da 14 a Lissafi, a seri D inda kimiyya ta fi nauyi, yana iya wucewa. Yarinyar Gwale da muka amsa wa mahaifinta a sama, da irin wannan lissafin aka yi mata da tuni tana jami'a. Sharrinsa kuma shi ne wanda ya same ka: ka rasa da kaɗan, komai ya rushe, har darussan da ka ci da kyau.

Tsarin Najeriya yana ajiye maka abin da ka ci, kiredit ɗinka na nan ko bayan shekara goma, amma darasi ɗaya yana iya tsare takwas. Da za a ba mu zaɓi, da mun ɗauki ramuwar bak mun haɗa da ajiyar WAEC. Faransa ma ta yi hakan, wanda ya faɗi yana iya riƙe makin da ya kai 10 har zama biyar masu zuwa.

Kai dai karɓo takardar makinka, ka ninka kowane darasi da nauyinsa ka ga inda makin ya zube. Ƙarin maki biyu a darasi mai nauyi 5 ya fi ƙarin huɗu a mai nauyi 2, goma ne da takwas. In da hali ka koma aji maimakon ka tsaya ɗan takara mai zaman kansa, saboda gwajin mako-mako da littafin makinka na shekara, wanda alƙalan jarrabawa ke iya dubawa in ka tsaya a bakin iyaka.

TAMBAYA: Ƙanena yana SS2 a makarantar gwamnati, bai ci kwalifayin ba. Shi ke nan ba zai zana ta fita ba?
Wata yaya, ta wayar salula

AMSA: Zai zana, 'yar'uwa. Kwalifayin, wadda aka fi sani da ita a Kano, ba ta hukumar jarrabawa ba ce, ta gwamnatin jiha ce, don ta tace waɗanda za ta biya wa kuɗin rajista. Wanda bai kai ba, gida ne zai biya. A tambayi malamin jarrabawa na makarantar nawa ne da ranar rufewa, a fara tarawa tun yanzu, domin rajistar makara tana da tara, a kuma karɓi rasit.

Ra'ayinmu a kanta bai da daɗi. A matsayin gwaji mai nuna wa yaro rauninsa saura shekara guda, tana da amfani ƙwarai. A matsayin matatar kuɗi kuwa, wanda ya fi bukatar tallafin shi take fara zubarwa, domin rashin malami da rashin kuɗi gida ɗaya suke kwana. Tana kuma ƙawata alƙaluma: in ka hana masu rauni zama, dole adadin waɗanda suka ci ya yi kyau a jarida.

TAMBAYA: An ce za a mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta kamar JAMB. Wannan zai kawo ƙarshen satar amsa da kuskuren maki?
Wani mai shagon kwamfuta, Kaduna

AMSA: Zai rage wani, ya buɗe wani, Malam. Ministan ilimi Tunji Alausa ne ya sanar da shirin a 2025, WAEC kuma ta riga ta fara gwada kwamfuta da 'yan waje tun farkon 2024.

Abin da kwamfuta ke kashewa shi ne fitar takarda a hanya da rubuta amsa a allo. Kowa ya tuna Mayun 2025, lokacin da fitar tambayoyin Turanci ta sa aka jinkirta takardar har yara a jihohi da dama suka zana da dare da hasken tocila. Amma shekarar ce kuma ta nuna cewa na'ura ma tana kuskure, kuma in ta yi, da yawa take kwasa. JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da kudu maso gabas, aka sake musu. A Agusta WAEC ta sanar cewa kashi 38.32 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta nemi afuwa ta gyara zuwa 62.96, domin an duba tambayoyin zaɓi na Turanci da jerin amsoshin da ba nasu ba. Asalin abin dabara ce mai kyau, a hargitsa jerin tambayoyin don kada maƙwabci ya kwafi na maƙwabci. Da ba a yi ƙorafi an sake dubawa ba, dubban ɗaruruwan yara da sun tafi da D7 da F9 da ba nasu ba.

Sannan aikin ba girmansu ɗaya da na JAMB ba. JAMB darasi huɗu ne, tambayoyin zaɓi zalla, awa biyu an tashi. Ta fita sakandare darasi takwas ne ko tara ga yara kusan miliyan biyu, da insha'i da zane da firaktikal, makonni ana yi. Yaron da ya fara taɓa madannai ranar jarrabawa, kalma 450 za ta cinye masa lokaci ko da ya iya Turancin, sai a wayi gari saurin yatsa ake aunawa. Mafi dacewa a fara da tambayoyin zaɓi, rubutu ya tsaya a takarda har sai kowace makaranta ta sami wuta da na'urar da yara za su saba da ita tun daga SS1.

Kafin nan, a takardar da ake shafawa da fensir, yaro ya duba cewa lambarsa da sunansa ne a kan takardar tambaya da ta amsa, kada ya yi musaya da kowa, ya goge kuskure sosai domin na'ura tana ɗaukar shafa biyu a tambaya ɗaya a matsayin amsar da ba daidai ba. In sakamako ya fito da abin da hankali bai ɗauka ba, musamman in aji guda ne suka faɗi darasi ɗaya tare, shugaban makaranta ne zai rubuta wa ofishin hukumar na jiha, da jerin lambobin ɗaliban da makinsu na cikin aji, kuma a cikin makonnin farko, kafin manyan makarantu su rufe ɗaukar ɗalibai.